Yadda ake tabbatar da sabon nau'in bakteriya a jikin kare

Daga ina ake farawa?

Daga mugunyar ƙurji, ko dattin kunne, ko yawun kare. Ana dangwalo shi da auduga mai tsabta, a shafa a faranti mai abincin ƙwayoyi da aka gauraya da jinin tunkiya kashi 5 cikin 100, a bar shi a zafin digiri 37 na awa 24 zuwa 48. Sai a tsinci ɗigo guda daga ƙwayoyin da suka tsiro a sake shuka shi shi kaɗai. A nan aka fi yin ɓarna: ƙwaya biyu suka cakuɗe, duk gwajin da ya biyo baya ya tashi a banza.

Madubin ɗakin gwaji bai isa ba?

Siffa da launi kawai yake nunawa, kuma kama da wane ba ta wane. Daga 1976 aka riƙa kiran ƙwayar da ke kawo wa karnuka ƙurajen fata da ciwon kunne Staphylococcus intermedius. A 2005 masana a Beljiyam suka bayyana wani nau'i dabam, Staphylococcus pseudintermedius, sannan binciken 2007 ya nuna cewa ta karnuka ita ce wannan sabuwar. Kusan shekara 30 ana kiranta da sunan 'yar'uwarta.

To me ke raba gardama?

DNA. Ana fara karanta wani sashe na DNA ɗin ƙwayar da ake kira 16S. In kamanninsa da na sanannun nau'o'i ya gaza kashi 98.7, akwai alamar sabon abu. Amma a dangin Staphylococcus 16S ɗinsu kusan ɗaya ne, dole a ƙara da sassa irin su sodA da tuf. Yanzu DNA ɗin gaba ɗaya ake kwatantawa: in kamannin ya gaza kashi 95 zuwa 96, nau'i ne dabam.

Wa ke amincewa da sunan?

Sai an ajiye samfurin ƙwayar mai rai a ma'ajiya biyu a ƙasashe biyu, kamar DSMZ ta Jamus da ATCC ta Amurka, sunan kuma ya fito a IJSEM, mujallar da ke tabbatar da sunayen bakteriya.

Me likitan dabbobi zai ƙaru da shi?

Zaɓen magani. Wajen gano ko ƙwaya tana bijire wa magungunan kashe ƙwayoyi na dangin metisilin, maganin sefoksitin ake amfani da shi ga Staphylococcus aureus, wata 'yar danginsu. Ga pseudintermedius kuwa yana iya nuna lafiya lau alhali tana bijirewa, don haka da maganin oksasilin ake gwada ta.