Ɓera ma ya koya mana reno

Matan Gombe masu zuwa awo da masu goyo, dan Allah ku ɗan ba ni minti biyu. Ran Talata ina yi wa mata bayani a asibitinmu na ambaci ɓera, sai wata baiwar Allah ta kwashe da dariya wai malama ɓeran da ya ishe mu a rumbu ne zai koya mana reno? To wallahi shi ɗin dai.

Ɗan ɓera ana haihuwarsa ba gashi, ido a rufe, sai wajen kwana 14 idon ke buɗewa, kwana 21 an yaye shi. Girman da namu yaran za su daɗe suna yi shi sati uku ya isa, shi ya sa masana suka maƙale masa.

A 1964 wata malama Marian Diamond a jami'ar Kalifoniya ta Amurka ta raba ƙananan ɓeraye gida biyu, wasu ta zuba su tare cikin babban keji da kayan wasa, wasu kowa shi kaɗai ba abin taɓawa, da aka zo aka duba sai ga ɓawon ƙwaƙwalwar masu wasan ya fi kauri, kuma fa ba yunwa aka bar sauran da ita ba. Shi kuma Michael Meaney a Kanada ya lura uwar da ke yawan lasar 'ya'yanta a satin farko, in sun girma ba sa saurin firgita, sinadarin tashin hankali a jininsu yana sauka da wuri. Har aka ɗauke ɗan uwa mai sakaci aka ba mai lasa, ya taso irin nata. Wannan ne ya fi ɗaure min kai gaskiya.

Mu ba lasa za mu yi ba, muna da goyo da runguma da waƙar reno. Amma sai ka shiga gida ka tarar da jariri an ajiye shi a ɗaki tun safe, uwa na can kan waya, wai ai ya ƙoshi ba ya kuka. Yaya, yi masa magana mana ko bai gane ba, ki ba shi murfin kwano ya buga. Maigida kai ma ka ɗauke shi, ba ya rage girma.

Sai maganin ƙarin jinin nan da muke ba ku wajen awo kuke tura shi ƙarƙashin katifa saboda tashin zuciya. An gwada ɓerayen da aka hana sinadarin ayan, wato wanda ke cikin maganin nan, tun suna ciki, rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu bai yi kyau ba, kamar wayar lantarki da robarta ta yi siriri. In maganin yana tayar miki da zuciya ki sha bayan abincin dare, baƙin bahaya kuma ba matsala ba ne. Nono zalla wata 6, daga nan kunun gero da gyaɗa da waken suya, a ƙara ƙwai ko hanta ranar da hali ya yi, gishiri kuma a sayi mai aidin.

Mai tambaya ta same ni ran awo, ina nan tun ƙarfe 8.