Ƙa'idar Turai kan saƙon mota idan hanya ta toshe masa

A Turai, motocin da ke aika wa juna gargaɗi ta iska a kan zangon rediyo na gigahaz 5.9 suna bin wata ƙa'ida mai suna GeoNetworking, lambarta EN 302 636-4-1, wadda ETSI, hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta Turai da ke Faransa, ta tsara. Majalisar Turai ba ta tilasta ta ba, amma kamfanin da ke son motarsa ta ji yaren motar wani kamfanin dole ya bi ta.

Kowace mota tana shelar inda take, tana kuma riƙe da jerin maƙwabtan da take ji. Saƙo na zuwa, sai ta miƙa shi ga maƙwabcin da ya fi kusa da inda aka nufa. Tsaiko na zuwa ne idan ta duba ta ga duk maƙwabtan sun fi ta nisa da wurin, ko don gini ya tare, ko don titi ya yi wayam da tsakar dare.

To a nan sai a duba alamar da ke jikin saƙon. In mai aikowa ya yarda a ajiye, motar za ta riƙe shi ta ci gaba da tafiya, kamar direban da aka ba sallahu a tasha, har ta gamu da motar da ta fi ta kusanci. In bai yarda ba, sai ta watsa shi ga duk mai ji a kusa.

Akwai wata dabarar da ta girmi wannan ƙa'ida. A 2000, masu bincike Brad Karp da H. T. Kung sun fito da dabarar mai suna GPSR, inda saƙo ke zagaye giɓin yana bin hannun dama har ya samu mafita. A buɗaɗɗen fili tana aiki, amma a birni motoci na sauya wuri kafin zagayen ya kammala.

Abin da ya fi burge ni a ƙa'idar ETSI shi ne wa'adin da ta gindaya. In ba a faɗi wani abu daban ba, saƙo yana rayuwa daƙiƙa 60, iyakarsa 600, kuma ba a miƙa shi daga mota zuwa mota fiye da sau 10. Wa'adi na cika, a zubar da shi. Dalili kuwa, gargaɗin cewa wata mota ta taka birki da ƙarfi in ya makara zai iya sa direba ya taka nasa a kan titin da babu komai.