Yadda Shugabannin Ikkilisiya Na Farko Suka Samu Iko: Tambayoyi da Amsoshi

A ina Kiristanci ya faro, kuma su wa suka fara karɓarsa?

Ya faro ne a Galili da Yahudiya lokacin da suke ƙarƙashin Rumawa, kuma mabiyansa na farko Yahudawa ne masu zuwa ibada a Haikalin Urushalima. Bisa littattafan Bishara, da kuma abin da masanin tarihin Rum Tasitus ya rubuta, gwamna Bilatus ne ya yanke wa Yesu hukuncin kisa, wajen shekara ta 30. Musulmi dai, kamar yadda aka sani, ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba; abin da ake bi a nan shi ne tarihin jama'ar da ta taru a kan imanin cewa ya mutu ya kuma tashi. A birnin Antakiya aka fara kiran su Kiristoci.

Yaya aka yi addinin ya wuce iyakar Yahudawa?

Gardamar farko mai zafi a kan kaciya aka yi ta. Wajen shekara ta 49, masu wa'azi Bulus da Barnaba suka zauna da Bitrus, almajirin Yesu, da Yakubu, shugaban mabiya na Urushalima, a birnin, aka tsai da cewa ba dole ba ne wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya kafin a karɓe shi. Da sojojin Rum suka rushe Haikali a shekara ta 70, sai nauyin jagoranci ya koma manyan birane irin su Antakiya da Roma, daga baya kuma Iskandariya.

Tun farko akwai bishop mai mulkin kowane gari?

Babu. A gidajen mutane ake taruwa, dattawa suna jagoranci tare, kuma kalmar Girkanci da ta zama bishop ma'anarta mai kula ne kawai. Wajen shekara ta 96, ikkilisiyar Roma, wato jama'ar Kiristocin birnin, ta aika wa ta Koranti wasiƙa tana tsawata mata saboda ta tsige dattawanta. Bayan kamar shekara goma zuwa ashirin, Ignatiyus, bishop na Antakiya, yana kan hanyar Roma a ɗaure za a kashe shi, ya riƙa rubuta wa ikkilisiyoyi cewa kada a yi baftisma ko Jibin Ubangiji (cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da Yesu) ba da yardar bishop ba. Yawan nanata maganar da ya yi alama ce cewa ba kowa ne ya amince da tsarin ba tukuna.

Me ya sa aka tattara iko a hannun mutum ɗaya?

A ganina saɓanin koyarwa ne babban dalili. Wajen shekara ta 144 ikkilisiyar Roma ta kori Marsiyon, wanda ya yi watsi da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ya riƙe Bisharar Luka da ya tsaftace bisa ra'ayinsa da wasiƙun Bulus goma. Wasu kuma suna da'awar wani ilimi na asiri. To wa za a gaskata? Wajen shekara ta 180 Ireniyus, bishop na Liyon a Faransa ta yau, ya amsa da jero sunayen bishop-bishop na Roma ɗaya bayan ɗaya har zuwa manzanni, don ya nuna cewa koyarwar a fili aka miƙa ta hannu zuwa hannu. Wanda ya san yadda malaman hadisi suke kirga isnadi zai gane ƙarfin wannan hujja nan take.

Akwai kuma batun dukiya. A shekara ta 251 Karniliyus, bishop na Roma, ya rubuta cewa ikkilisiyarsa tana da dattawa 46 da dikinoni (masu hidima) 7, tana kuma ciyar da matan da mazansu suka mutu da sauran mabukata fiye da 1,500. Wanda yake raba wa mutane masu yawa haka abinci, maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa.

Tsanantawar Rumawa ba ta karya wannan iko ba?

Ƙarfafa shi ta yi. A shekara ta 250 Sarki Disiyus ya ba da umarni kowa ya yi hadaya ga allolin Rum, ya karɓi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu a Masar, ga sunan mai hadaya, ga furucinsa cewa ya zuba abin sha ya ɗanɗana naman, ga sa hannun jami'an da suka gani. Kiristoci da yawa suka yi hadayar, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da wuta ta lafa suka dawo suna neman tuba, waɗanda suka sha ɗauri saboda imaninsu kuma suka fara ba su takardun yafewa. Sifiriyan, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, ya tsaya kai da fata cewa bishop ne, tare da majalisar takwarorinsa, zai yanke wanda za a mayar da lokacin da za a mayar da shi. Shi kansa an fille masa kai a shekara ta 258.

Me Sarki Konstantin ya canja?

Tsarin ya tarar a kafe, ya ƙara masa ƙarfin hukuma. A shekara ta 313 aka ba Kiristoci 'yancin ibada, aka mayar musu da kadarorinsu. A shekara ta 325 ya kira taron bishop-bishop a Nikiya, a Turkiyya ta yau, a kan koyarwar Ariyus na Iskandariya, wanda ya ce Ɗan, wato Yesu, halitta ne. Taron ya yi Allah wadai da ita, sarki kuma ya tura Ariyus zaman gudun hijira. Daga nan saɓa wa majalisar bishop-bishop ya zama abin da hukuma take hukuntawa.

Bishop na Roma ne yake sama da kowa a lokacin?

Yana da girma na musamman saboda a can aka kashe Bitrus da Bulus bisa hadisin ikkilisiya, amma taron Nikiya ya tabbatar wa Iskandariya da Antakiya iko a yankunansu kamar yadda Roma take da shi a nata. Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ne ma ya naɗa Firumentiyus bishop na farko a Aksum ta Habasha. A shekara ta 381 aka ba Konstantinoful, Istanbul ta yau, matsayi na biyu bayan Roma, abin da Roma ta daɗe ba ta amince da shi ba.