Yawon keke a hanyoyin burji na duwatsun Dass: tambayoyin da ake yi mini

Tun da na fara fita da keke ranakun Asabar daga Bauchi zuwa ƙauyukan da ke gindin duwatsun Dass, matasa ke tare ni da tambayoyi, wasu a ƙofar masallaci, wasu a teburin mai shayi. Ga waɗanda suka fi yawa.

Wai mene ne wannan yawon keken burji, kuma daga ina ya fito?

Shi ne mutum ya bar kwalta da motocinta ya kama hanyar ƙasa: burji, turbar gona, tsakuwa, hayi da gangara. Turawa suna ce masa girabul, wato tsakuwa. A Amurka ya yi suna a matsayin wasa. A 2006 mutum 34 suka taru a garin Emporia na jihar Kansas suka yi tseren mil 200, kusan kilomita 320, a hanyoyin da suka ratsa makiyaya. Yau dubban mutane ke shiga wannan gasa, wadda ake kira Unbound Gravel. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a 2022 a Italiya.

Mu kam ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dattijon da ya ɗaure buhun shinkafa a bayan Raleigh ko Phoenix daga Wandi ya nufi kasuwar Dass, ya daɗe yana wannan tafiya tun ba a raɗa mata suna ba. Shi neman abinci ya fito da shi, mu kuwa motsa jini da kallon ƙasa.

Sai na sayi keke na musamman?

A'a. Keken da aka ƙera don wannan aiki yana da ƙaho mai lanƙwasa ƙasa irin na keken tsere, da birkin faifai, da taya mai faɗin milimita 38 zuwa 45, alhali tayar keken kwalta ba ta cika wuce 32 ba. Nauyinsa kilo tara zuwa sha ɗaya, rabin nauyin keken kakanninmu. Yana da daɗi, yana kuma da tsada. Keken hawan dutse na gwanjo zai kai ka duk inda na kai, in dai abu uku sun cika: taya mai faɗi mai lafiya, birki mai kamawa gaba da baya, da giya mai sauƙi ta hawa.

Giyar ce aka fi rainawa. Idan haƙoran faifan sarƙa na gaba 40 ne, babban na baya kuma 42, juyin feda ɗaya zai ba ka ƙasa da juyin taya ɗaya, kuma da wannan ake cin hayi a zaune. In ba ka da irinta, za ka tura keken da ƙafa, kuma babu abin kunya a ciki.

Me ya sa Dass?

Kusa ce, kamar kilomita hamsin daga Bauchi, kuma da ka sauka daga kwalta ka samu abin da ka zo nema. Duwatsun Mbula suna tsaye a kan garin, hanyoyi kuma sun bazu zuwa Dott, Baraza, Lukshi da Zumbul, tsakanin fadamun shinkafa da manyan duwatsu masu kama da an jera su da hannu. Da sassafe a kaka, ƙarar taya a kan tsakuwa da kukan kurciya kaɗai za ka ji, sai sallamar mai tafiya gona. Na taɓa tsayawa a kan wani fa, rana tana fitowa, hazo kwance a fadama, hayaƙin girki yana tashi daga gidajen da ke ƙasa. Mai mota ba ya ganin wannan.

Akwai wasu wuraren: kewayen Dutsen Zaranda a hanyar Jos, da ƙasar Tula a Kaltungo ga mutanen Gombe, inda hawan ya fi na Dass tsanani. Yankari dai dajin giwaye ne, ba wurin yawon keke ba.

Wane lokaci ya fi?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. Ƙasa ta bushe, rafuka sun janye. A hunturu ka rufe hanci saboda ƙura. Maris da Afrilu zafi yakan kai maki 40, don haka fita bayan sallar asuba, dawowa kafin ƙarfe goma. A Agusta laka tana cika tsakanin taya da ƙarfe har keken ya ƙi motsi, kuma rafin da ka tsallaka da safe yana iya cika ya batse da rana in an yi ruwa a kan dutse. Kada ka shiga ruwa mai gudu da keke.

Ƙaya fa? An ce faci ke hana mutum jin daɗin tafiyar.

Gaskiya ne, kuma nan ne na fi shan wuya. Tsidau a gefen turba, ƙayar aduwa, da farar ƙaya da manoma ke shinge da ita, duk suna jiran taya. Wata rana a bayan Baraza tayata ta sace sau uku kafin azahar. A na ukun na buɗe sholisho na tarar ya bushe ƙamas. Na tura keken har wani ƙauye, na samu mai faci a gindin mangwaro. Ya liƙe tif ɗin tsaf, sai famfonsa ya ƙi shiga bakin bawul ɗina, don irin siririn nan ne na kekunan waje. Da ba don ƙaramin famfon da ke jakata ba, da a nan zan kwana.

Abin da na koya: ka riƙe tif biyu, famfonka, kayan faci sabbi, da ɗan ƙarfen da ke haɗa siririn bawul da famfon gida. Kafin ka mayar da tif, ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali, don ƙayar tana nan maƙale. Sannan a kula da wani ruɗani: wilin keken zamani da na tsohon Raleigh duka ana ce musu inci 28, amma faɗin da'irar ɗaya milimita 622 ne, ɗayan 635. Tayar wannan ba ta zama a kan wancan, saboda haka kada ka sa rai za ka samu taka a kasuwar ƙauye.

Mai hali ya sa taya marar tif, wadda ake zuba wa ruwan roba a ciki. Ƙaya na shiga, ruwan ya toshe hujin kana tafe. Sai dai zafinmu yana busar da shi, a riƙa ƙarawa bayan 'yan watanni. Kada kuma a ɗura iska taya ta yi tauri kamar dutse. Ga taya mai milimita 40, awo 35 zuwa 45 na PSI, wato ma'aunin ƙarfin iskar taya, ya wadatar, gwargwadon nauyin mutum. Taya mai ɗan laushi ita ke shanye gargada, ta hana hannu mutuwa.

Yaya ake hawa da gangarowa ba a faɗi ba?

A hawa, ka zauna a sirdi. Da ka miƙe, tayar baya ta rasa nauyi ta fara ƙwaƙule tsakuwa. A gangara ka ja jiki baya, ka sassauta gwiwa da gwiwar hannu, ka matsa birki biyun tare a hankali tun kafin kwana. Wanda ya damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana mai tsakuwa, ƙasa zai sha. Idonka a kan inda kake so ka bi, ba a kan dutsen da kake tsoro ba. In ka faɗa yashi, sauƙaƙa giya, ci gaba da taka feda, kada ka murɗa ƙaho da ƙarfi. Hular kwano dole ce.

Me zan ɗauka na ci da sha?

Ruwa aƙalla rabin lita a kowace awa, a bazara ya kai lita guda. Dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa. In gumi ya yi yawa, lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Mutanen ƙauye ba sa jin haushin baƙo yana ratsa musu hanya? Tsaro kuma fa?

Ya danganta da yadda ka shigo. Hanyar nan tasu ce, ta gona da rijiya da kasuwa, kai baƙo ne a kanta. Ka rage gudu tun daga bakin gari saboda yara da awaki. In ka tarar da dattawa a zaune, sauka ka gaishe su: "Sannunku da hutawa, Baba. Wannan hanyar ce ke fita Lukshi?" Mace mai kaya a ka, ka yi magana tun daga nesa, "Gafara dai, Inna," kada ka wuce ta fuu ta firgita. Garken shanu a burtali, tsaya gefe su wuce, ka yi wa makiyayin barka da kiwo. Kada ka ratsa shuka don yanke, kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Wasu duwatsun suna da wuraren da mutanen gari ke girmamawa, ka tambaya kafin ka hau.

Gaisuwar nan ita ce rabin tsaronka, don wanda ka gaisar shi zai ce maka kada ka bi ta can yau. An sha samun matsalar 'yan bindiga a dazukan Lame-Burra da wasu sassan Alkaleri, kuma labari yana sauyawa daga mako zuwa mako. Ku fita ku biyu ko uku, ku faɗa a gida inda kuka nufa da lokacin dawowa, don akwai lungunan da waya ba ta kamawa. Idan hanyar sabuwa ce gare ku, ku fara biyawa ta ƙofar mai unguwa, kuma la'asar ta same ku a kan kwalta.