Duniyoyin Kitoniya

Duniyoyin Kitoniya suna ne da masana falaki suka ba wa manyan duniyoyin iska da a da suke kama da Mushtari da Zuhal, waɗanda zafin tauraronsu ya kwashe musu rigar haidurojin da hiliyam, aka bar tsurar ƙwallon ciki, kamar mangwaron da aka shanye. Kalmar ta fito daga Girkanci, tana nufin abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Tarihi

Guillaume Hébrard da abokan aikinsa a Faransa ne suka gabatar da sunan wajen shekarar 2003. A wannan shekarar, na'urar hangen nesa ta Hubble ta nuna haidurojin na tsiyaya daga HD 209458 b, wata babbar duniyar iska da ke zagaye wani tauraro daban, yana bin bayanta kamar jelar tauraro mai wutsiya. Daga nan aka fara tambayar abin da zai saura idan iskar ta ƙare ƙarƙaf.

Misalin da ya fi ƙarfi shi ne TOI-849 b, wadda David Armstrong na Jami'ar Warwick da ke Ingila da tawagarsa suka sanar a 2020, daga bayanan TESS, kumbon da ke neman duniyoyin da ke zagaye wasu taurari. Tana da nisan kusan shekarun haske 730 daga nan, wato tazarar da haske ke ci cikin shekara 730. Nauyinta ya kai na Duniyarmu sau 40, faɗinta kuwa bai wuce sau uku da rabi ba, kuma cikin awa 18 take zagaye tauraronta. Duniya mai wannan nauyi ya kamata a ce ta tara iska ta zama kamar Mushtari, amma iskar da ke jikinta ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na nauyinta ba. Masana sun rabu: wasu na ganin karo da wata duniya ko jan tauraron ne ya tuɓe ta, wasu na cewa tun farko ba ta samu iskar ba. A wajen wannan duniyar dai, zafin tauraron kaɗai bai isa ya yi wannan aikin ba.

Abin da ke ciki

Daga nauyi da girma ake ƙiyasta abin da ke cikin waɗannan duniyoyi. Na TOI-849 b sun dace da ƙarfe da duwatsu, wataƙila da ruwan da matsi ya canza masa kama. Darajar waɗannan duniyoyi ita ce ƙwallonsu a fili yake, alhali ƙwallon Mushtari a binne yake, kuma kumbon Juno, wanda ya isa can a 2016, ya nuna ba shi da takamaimiyar iyaka, ya cakuɗe da iskar da ke samansa.

An taɓa sa wata duniya mai suna CoRoT-7b, wadda aka gano a 2009, a wannan rukuni. Ana jayayya a kai.