Lahanin da Ake Yawan Samu Wajen Liƙa Sassa a Fuskar Allon Lantarki

A wannan salon haɗi ba a huda allo a zura ƙafafun sassa. Ana shafa kwaɓin dalma a kan mazaunan tagulla, wato wuraren da ƙafafun sassa ke zama a fuskar allo, ta cikin ramukan wani siririn farantin ƙarfe da ake kira sitensil, inji ya ɗora sassan a kai, sannan allon ya ratsa tanda, dalma ta narke ta kama.

A wane mataki aiki ya fi lalacewa?

Wajen shafa kwaɓi. Tanda ake yawan zargi saboda bayan allo ya fito daga cikinta ake ganin lahani, amma sau da yawa ɓarnar ta riga ta auku tun a sitensil. Kaurinsa yawanci milimita 0.10 zuwa 0.15 ne. Idan rami ya yi ƙanƙanta ga wannan kaurin, kwaɓi yakan maƙale a bangon ramin maimakon ya sauka. Ƙa'idar zanen sitensil ta IPC-7525 ta ce a raba girman filin bakin rami da girman filin bangonsa duka, kada sakamakon ya gaza 0.66. In ya gaza, a rage kaurin sitensil ko a buɗa ramin.

Shi kansa kwaɓin a firji ake ajiye shi, ƙasa da digiri 10 na ma'aunin Celsius. Idan an fito da shi, a bar shi a rufe awa uku zuwa huɗu ya huce sanyi. Mai gaggawar buɗe murfi raɓa yake tara wa kwaɓin, kuma raɓar nan ce za ta tafasa a tanda ta fantsama ƙananan ƙwallayen dalma ko'ina.

Me ke sa ƙaramar resista ta miƙe tsaye, gefe ɗaya a liƙe, ɗaya a sama?

Narkakkiyar dalma tana jan abin da ta jiƙa. Idan gefuna biyu suka narke tare, jan ya daidaita, har yakan gyara wa sashen zama in ya ɗan karkace. Amma idan gefe ɗaya ya riga narkewa, ko da da ɗan lokaci kaɗan ne, sai ya fizgi sashen ya tsayar da shi. An fi ganin haka a ƙananan resista da kafasita masu girman 0402, wato milimita 1.0 da 0.5, da 0201 da ta fi su ƙanƙanta, domin ba su da nauyin da zai riƙe su.

Abin dubawa shi ne me ya bambanta gefunan biyu. Wani lokaci mazauni ɗaya yana haɗe kai tsaye da shimfiɗar tagulla mai faɗi, wadda ke shanye zafi, shi kuwa ɗayan siririn layi kawai ke fita daga gare shi. Maganin wannan yana hannun mai zana allo: ya haɗa mazaunin da shimfiɗar ta siraran layuka, ya kuma daidaita girman mazaunan. Wani lokacin kwaɓi ne ya fi yawa a gefe ɗaya, ko inji ya ajiye sashen a goce. Rage saurin hawan zafi daf da narkewa yana taimakawa, sai dai ba ya gyara zanen da aka yi ba daidai ba.

Dalma ta haɗe ƙafafu biyu na IC, daga ina?

IC shi ne sashe mai ƙafafu da yawa da ke ɗauke da da'irar lantarki a cikinsa. Haɗewar tana faruwa ne idan kwaɓi ya yi yawa, ko ƙarƙashin sitensil ya yi datti yana shafa shi tsakanin mazaunai. A ƙafafun da tazararsu milimita 0.5 ce ko ƙasa, a ɗan tsuke ramuka, a riƙa goge ƙasan sitensil akai-akai, a kuma tokare allon daga ƙasa don ya manne da farantin ba tare da rata ba.

Wane zafi ya dace?

Dalmar SAC305, mai kuza kashi 96.5, azurfa 3, tagulla 0.5, tana narkewa wajen digiri 217 zuwa 220, yayin da tsohuwar Sn63Pb37, mai kuza kashi 63 da gubar dalma 37, ke narkewa a 183. Ga SAC305, zafi ya hau da digiri 1 zuwa 3 a daƙiƙa, ya jima tsakanin 150 da 200 na daƙiƙa 60 zuwa 120 don allo duka ya ɗauki zafi ɗaya, ya kai ƙololuwar 235 zuwa 250, ya yi daƙiƙa 45 zuwa 90 a saman ma'aunin narkewa. Lambar da ke jikin tanda zafin iska ce. Sai an manna wayoyin auna zafi a allo na gaske, ɗaya a ƙafar sashe mafi girma, ɗaya a mafi ƙanƙanta, kafin a san abin da dalma ke gani.

Me ya sa IC ke kumbura ko tsagewa a tanda?

Robar jikinsa tana shan danshin iska, danshin ya zama tururi ya fasa shi ta ciki. Sashen da danshi ke wa illa yana da matakin MSL, wato matakin rauninsa ga danshi, a rubuce a jakarsa. Mai mataki na 3 awa 168 gare shi ya shiga tanda bayan an buɗe jaka, a ɗakin da bai wuce digiri 30 da danshi kashi 60 ba. In lokacin ya wuce, a gasa shi a digiri 125 gwargwadon jadawalin ƙa'idar J-STD-033, amma ba a cikin tef ɗin robar da ya zo a ciki ba, domin tef ɗin ba ya jure wannan zafin.

BGA fa, da ƙwallayensa ke ɓoye a ƙasa?

BGA sashe ne da ke da ƙwallayen dalma jere a ƙarƙashinsa maimakon ƙafafu. Nan ido da kyamarar dubawa ba sa kaiwa, sai hoton X-ray. Lahani mafi wuyar kamawa shi ne idan jikin BGA ya lanƙwashe da zafi, ƙwallon kusurwa ya ɗaga daga kwaɓi, kowanne ya narke daban, tsatsa ta rufe fuskarsu. Da ya huce sai ƙwallon ya dawo ya zauna a kan dalmar ba tare da sun haɗe ba. Allon zai iya cin gwajin wuta yau, ya yanke bayan an fara amfani da shi. A hoto ma sai an karkata kusurwar ɗauka ake hango shi. Ana rage shi da ƙarin kwaɓi a mazaunan kusurwa, da gasa sashen in ya sha danshi, da kwaɓin da sinadarin wanke tsatsarsa ke jure doguwar tafiya a tanda.