Laburaren Sarki George na III

Laburaren Sarki, wanda Turawan Ingila ke kira King's Library, tarin littattafai ne da Sarki George na III na Birtaniya ya tara a zamanin mulkinsa, daga 1760 zuwa 1820. Yawansu ya kai kimanin mujalladi 65,000, ban da dubban ƙananan ƙasidu da taswirori. A yau suna ajiye a Babban Ɗakin Karatun Birtaniya da ke unguwar St Pancras a birnin Landan.

Yadda aka tara su

Da George ya hau gadon sarauta, bai tarar da laburaren kirki a fada ba, domin kakansa George na II ya riga ya kyautar da tsohon laburaren sarakunan Ingila ga Gidan Tarihin Birtaniya a 1757. Dole ya fara daga tushe. Babban sayen farko shi ne na littattafan Joseph Smith, wakilin Birtaniya a birnin Venis na Italiya, a wajajen 1762 zuwa 1763. Bayan 'yan shekaru aka tura ma'aikacin laburaren, Frederick Augusta Barnard, ya zaga ƙasashen Turai yana neman littattafai. Kafin ya tashi, shahararren marubuci Samuel Johnson ya rubuta masa wasiƙar shawara kan irin abin da ya kamata ya nema. Barnard ya ci gaba da kula da wannan laburare shekaru da dama.

Sarkin bai tara littattafan don ado ba kawai. Akwai tarihi, addini, labarin ƙasa, aikin gona, kimiyya da adabin harsuna daban-daban, har da takardun talla da kundayen 'yan kasuwa waɗanda wani mai sarauta zai raina. Cikin manyan kadarorin akwai kwafin Baibul na Gutenberg, ɗaya daga cikin littattafan farko da aka buga a maɗaba'a a Turai, da wasu littattafan da William Caxton, mutumin da ya fara kafa maɗaba'a a Ingila, ya buga.

An ajiye su a gidan Buckingham, wanda daga baya ya zama fada, kuma ƙofa a buɗe take ga malamai masu bincike. A ɗakin ne Johnson ya gana da sarki ido da ido a 1767. Abin sha'awa, har waɗanda ba sa ga maciji da sarki a siyasa an bar su sun shiga, irin su John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Amurka.

Miƙa shi ga al'umma

A 1823 ɗansa George na IV ya ba wa ƙasa laburaren, bisa sharaɗin a ajiye shi wuri guda, kada a cuɗanya shi da wasu littattafai. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa da farko ya yi niyyar sayar wa Sarkin Rasha, kuma masana tarihi sun yi saɓani a kai. Ya dai riƙe wasu 'yan littattafai masu daraja, waɗanda suke fadar Windsor.

Magini Robert Smirke ya tsara wa littattafan dogon zaure mai tsawon kusan mita 91 a Gidan Tarihin Birtaniya, aka kwashe su zuwa can a 1828. A watan Satumba na 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bam ya faɗa kan zauren, wasu ɗaruruwan littattafai suka ƙone ko suka lalace.

Inda yake a yau

Da aka kammala sabon ginin St Pancras, wanda Colin St John Wilson ya tsara kuma Sarauniya Elizabeth ta II ta buɗe a 1998, sai aka mayar da littattafan cikin wata hasumiyar gilashi mai hawa shida a tsakiyar ginin. Duk wanda ya shigo yana hango su ta bayan gilashi, jere kan kantoci, bangon fata da rubutun ruwan zinare suna fuskantar waje. Baƙo ba ya shiga hasumiyar. Mai katin karatu yakan nemi littafi, ma'aikata su ɗauko su kai masa ɗakin nazari. Tsohon zauren kuwa an gyara shi, tun 2003 ya zama wurin baje kayan tarihi na ƙarni na 18.